Bayan an sa ƙarfe a baya: yaushe ake komawa bakin aiki?

Idan likita ya ce wa mutum za a yi masa tiyatar haɗe ƙashin baya, tambayar farko da ke fita daga bakinsa ita ce nawa za a kashe. Ta biyu, ko zai sake takawa da ƙafafunsa. Ta ukun ba ta cika zuwa ba sai ranar sallama, ana naɗe tabarmi ana haɗa kulolin abinci: "Likita, yaushe zan koma aiki?" A ganina tambayar ta makara. Tun kafin a sa ranar tiyata ya kamata a yi ta, domin amsarta ba ɗaya ba ce ga magatakarda a sakatariya da ɗan dako a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, kuma wani lokaci amsar kaɗai ta isa ta sa mutum ya sake nazari kan yin tiyatar ma baki ɗaya.

Ƙashin bayan mutum gaɓoɓi ne 33 a jere. Biyar daga ciki, na wajen ƙugu, waɗanda likitoci ke kira L1 zuwa L5, su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin mafi yawan gaɓoɓin akwai faifai na guringuntsi da ke shanye jijjiga, yana barin baya ya lanƙwasa. Mafi yawan matsala a can ƙasa take, tsakanin L4 da L5, ko tsakanin L5 da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Abin da tiyatar ke yi shi ne ta kashe motsi a wannan wuri. Likita zai kankare fuskar gaɓoɓin biyu, ya cusa ɓarɓashin ƙashi a tsakani, sau da yawa wanda aka ɗebo daga ƙashin ƙugun majinyacin kansa, sannan ya ɗaure su da kusoshi da sanduna, galibi na ƙarfen titaniyom. Mutanen gari su ce an sa wa wane ƙarfe a baya.

Kuskuren fahimta daga nan yake farawa, domin ƙarfen ba shi ne maganin ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan magina suna zuba dekin ya san katakon da ake tokarewa da shi daga ƙasa ba shi ne ginin ba. Riƙo kawai yake yi kafin siminti ya kama. Haka kusoshin nan suke. Aikinsu su hana wurin motsi har jiki ya tsiro da sabon ƙashi ya haɗe gaɓoɓin su zama ɗaya. Idan ƙashi bai kama ba, komai tsadar ƙarfen zai gaji: ƙusa ta saki, ko sanda ta karye, ciwo ya dawo, wani lokaci har a sake buɗewa.

Warkewar kuwa ba tare take tafiya ba. Fata takan rufe cikin mako biyu, a cire zare. Naman bayan da aka ture gefe don a kai ga ƙashi yana buƙatar mako shida zuwa 12 kafin ya dawo da ƙarfinsa. Shi kuwa ƙashi sai wata uku zuwa shida kafin ya fara kamawa sosai, kuma yakan kai shekara ko fiye kafin ya gama ƙwari. Wanda aka buɗe wa jijiyar da ta matse yana iya farkawa daga tiyata ya ji zugin da ke sauka ƙafarsa ya ɓace. A mako na huɗu yana zuwa masallaci da ƙafarsa, jama'a suna yi masa barka, shi ma yana jin ya warke. A ciki kuwa ƙashin ɗanye ne shar. Ɗaukewar ciwo ba shaida ba ce. Hoton ƙashi da likita zai duba shi ne shaida.

Kafin a shiga lissafin makonni, akwai maganar da ba a cika faɗa wa majinyata ba. Wannan tiyata ba don ciwon baya na yau da kullum aka ƙirƙiro ta ba. A 1911 wasu likitoci biyu a birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da hanyarsa, suka fara ta, musamman domin masu tarin fuka da ya ci musu ƙashin baya, cutar da har yau ake gani a asibitocinmu. A irin wannan, ko karayar ƙashin baya a haɗarin mota, ko gaɓar da ta zame daga kan 'yar uwarta tana danne jijiya, ko bayan da ya karkace sosai, dalilin tiyata a fili yake. Inda gardama take shi ne mutumin da ciwon baya ya addaba shekara da shekaru, hoto bai nuna komai ba sai faifan da ya tsufa. Wani bincike a Suwidin da aka fitar a 2001, a kan majinyata 294, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi, kuma komawa aiki a cikinsu ta kai kashi 36 cikin 100, a kan kashi 13 na waɗanda ba a yi wa ba. Amma a duba adadin da kyau: ko a ɓangaren da ya yi nasara, mafi yawa ba su koma ba. Bayan haka aka yi wani a Norway a 2003, da wani a Ingila a 2005 a kan mutum 349, inda aka gwada tiyatar da tsararren shirin motsa jiki da wayar da kai, ba a ga wata tazara ta a zo a gani ba. Shi ya sa a 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a yi wa mai ciwon baya zalla wannan tiyata sai dai a cikin bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ɗan ƙalilan ne daga cikinsu suke buƙatar wuƙa. Don haka wanda zai sayar da gona ko fili ya tafi Kano, ko Abuja, ko Masar, ko Indiya, haƙƙinsa ne ya tambaya: me aka gani a hoton, me tiyatar za ta gyara, kuma da wace sana'a zan fito? Jin ta bakin likita na biyu ba raini ba ne ga na farko.

To, an yi tiyata. Abin da likitoci suka saba faɗa, a dunƙule, shi ne mai aikin zama yana iya komawa tsakanin mako huɗu zuwa wata uku, mai aikin tsayuwa da zirga-zirga wajen wata uku, mai aikin ƙarfi wata shida ko fiye, kuma wani ba zai koma irin aikinsa na da ba har abada. A makonnin farko ana hana abu uku: sunkuyawa, murɗa ƙugu, da ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5. Yawan gaɓoɓin da aka haɗe, shekarun mutum, da hanyar da aka bi aka shiga duk suna canza lissafin, kuma maganar likitan da ya yi aikin ita ce gaba da ta kowa.

Sai dai wannan jadawali an rubuta shi ne a ƙasashen da rayuwa take kan kujera. A Gombe mutum yakan karya dokar nan uku tun bai fita ƙofar gida ba. Ya tashi daga katifar da ke ƙasa. Ya shiga bayi ya tsuguna. Ya sunkuya ya ɗauki buta, ya duƙa ya yi alwala, ya ɗaga ƙafa ya wanke. Ya yi ruku'u da sujada. Ya zauna a tabarma ya jawo kwanon koko. Kafin ƙarfe bakwai na safe bayan da aka ce kada a lanƙwasa ya lanƙwasu ba adadi. Saboda haka shirin komawa aiki daga gida yake farawa: gado mai tsawo wanda ƙafa za ta taɓa ƙasa idan an zauna a bakinsa, kujerar bayi ko da kafinta ne ya huda kujerar katako, buta a kan benci, takalmi silifa wanda ba sai an sunkuya ba. Tashi daga kwance ma da yadda ake yinsa: a mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare, a sauke ƙafafu, a tura jiki sama da hannu. Batun salla kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bn Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Dattijon da ke jin kunyar a gan shi kan kujera a sahu, ya gwammace ya yi sujada yana cije leɓe, ba taƙawa ya ƙara ba. Likita ne zai faɗi lokacin da za a koma ruku'u da sujada, kuma mafi yawan waɗanda aka haɗe wa gaɓa ɗaya ko biyu sukan koma, domin kaso mai yawa na sunkuyawa daga kwatangwalo yake fitowa.

Mata sun fi shiga tsaka mai wuya, don aikinsu ba shi da takardar hutu. Shara da guntuwar tsintsiya sunkuyo ce zalla. Wanki a baho, tuƙin tuwo a murhu, jan guga, daka, duk suna cikin abin da aka hana. Yaro ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 zuwa 10, wato ninki biyu na abin da aka yarje mata ta ɗaga, balle ta sunkuya ta wurga shi baya ta ɗaure zani. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da aka ba hutun wata uku, in dai babu mai kama mata a gida, ba hutu take yi ba. Maigidan da ya iya biyan kuɗin tiyata amma bai nemo ƙanwa ko mai aiki da za ta zauna wata uku ba, ya bar aikin a rabi.

Akwai kuma hanya. Mutum yana iya zama lafiya lau a ofis, amma yadda zai isa ofis ɗin ne matsala. Acaba ba ta da wurin jingina, kowane rami a ƙugu yake sauka, ga fargabar faɗuwa. Keke Napep ya ɗan fi, amma shigarsa sai an sunkuya an murɗa. Gidan gaba na mota, da kujera a ɗan kwantar, shi ne mafi sauƙi. Tuƙi da kai ana jinkirta shi wasu makonni, har sai mutum ya daina shan maganin ciwo mai sa barci, kuma zai iya taka birki da ƙarfi ba tare da ɗar-ɗar ba. Wanda aka yi wa aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko a Abuja, dawowa Gombe kanta jarrabawa ce ta sa'o'i; a riƙa tsayawa lokaci-lokaci ya sauka ya taka, saboda baya da kuma gudun daskarewar jini a ƙafa. Direban mota mai dogon zango kuwa kada a sa shi cikin masu aikin zama. Zaman sa'o'i cikin jijjiga, canza taya, ɗaura kaya a but, wannan aikin ƙarfi ne.

A nan mutane suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare da irin kuskurensa.

Na farko shi ne wanda bayansa ne jarinsa. Ɗan dako a kasuwar hatsi yana juya wa mota baya, abokan aiki biyu su ɗago buhun masara da ke kai kilo 100 su sakar masa a kafaɗa, ya ɗan durƙusa ya karɓa, ya miƙe, ya bi katako ya hau. Lebura yana sauke buhunan siminti na Ashaka masu kilo 50. Manomin shinkafa a Dadin Kowa yana yini a sunkuye cikin laka, buhun taki ma kilo 50 ne. Waɗannan ranar da ba su fita ba, ba a ɗora tukunya. Ka ce wa irin wannan ya zauna wata shida, zai ce to, amma a wata na biyu za ka gan shi a bakin kasuwa, wai ɗan ƙaramin buhu kawai zai ɗauka. Ba taurin kai ba ne, yunwa ce. Kuma ko ƙashi ya kama, akwai abin da ke jiran sa a gaba: motsin da aka kashe a wuri ɗaya yana komawa kan gaɓoɓin sama da ƙasa, su riƙa ɗaukar nauyin da ba nasu ba, wasu su gaji bayan shekaru. Gaskiyar da ya kamata a faɗa masa tun farko ita ce, mai yiwuwa dako ya ƙare. Kasuwa tana da wasu ƙofofi: awo, dillanci, ɗinkin bakin buhu a tsaye, riƙe littafin shigar kaya da fitarsu, tsaron shago. Wanda ya yi shekara 20 a cikin hatsi ya san wake mai ƙwari tun daga ƙamshi, kuma wannan sani yana da kuɗi. Shugabannin kasuwa da iyayen gida su ne za su iya buɗe masa irin wannan ƙofa, ba likita ba.

Na biyu shi ne mai albashi, kuma nasa kuskuren akasin wancan ne: tsoro. Ya ji an ce ƙarfe na iya karyewa, sai ya kwanta. 'Yan uwa kuma, cikin ƙauna, su taya shi: "Kawu, ka kwanta ka huta, me kake ci na baka na zuba?" Wata uku, wata shida, shekara. Naman baya da na cinya su saki, jiki ya yi nauyi, barci ya lalace, damuwa ta shigo, ciwo kuma ya ƙaru, don damuwa da rashin barci suna ƙara wa mutum jin ciwo. Masu binciken lafiyar ma'aikata sun daɗe da lura cewa gwargwadon daɗewar mutum ba ya aiki, gwargwadon raguwar yiwuwar komawarsa, kuma wanda yake kan aikinsa har zuwa dab da tiyata ya fi saurin komawa a kan wanda ya riga ya daɗe a gida. Tafiya da ƙafa ita ce babban magani a watannin farko. Tun a asibiti ake tayar da mutum washegari ko bayan kwana biyu ya taka. A gida ya fara da tsakar gida, sai ƙofar gida, sai masallacin unguwa, kullum ana ɗan ƙarawa. Daga baya likitan gashin ƙashi ya koya masa atisayen ƙarfafa ciki da baya da yadda ake ɗaga abu da gwiwa, kayan a manne da jiki. Wanda ke cikin garin Gombe yana da Asibitin Koyarwa na Tarayya a kusa. Na Dukku ko Nafada ko Shongom ya roƙi a koya masa atisayen a rubuta masa, ɗansa ya ɗauka a bidiyo da waya, ya riƙa zuwa dubawa jefi-jefi.

Komawar ma ba a yin ta rana ɗaya. Rabin yini, kwana uku a mako, sai a ƙara. Kada zama ya wuce minti 30 zuwa 45 ba a miƙe an taka ba. Tela ya ɗaga teburinsa, ya bar keken ƙafa zuwa wani lokaci. Malamin makaranta ya sami kujera a aji, a rage masa darussa a zangon farko. Ma'aikaciyar jinya a ɗauke ta daga ɗakin da ake juya marasa lafiya. Duk wannan yana buƙatar takarda, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Takardar da ta ce "a ba shi aiki mara nauyi" ba ta da amfani, don kowane shugaba da yadda zai fassara ta. Ka kai ta, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ai ga ka nan garau, Malam." Ka ce, "Yallaɓai, ƙashin ne bai kama ba," ya ce kowa ma bayansa na ciwo. Takarda mai amfani ita ce wadda ta faɗi kilo nawa, minti nawa na zama, sa'a nawa a rana, babu hawa babur, babu doguwar tafiya, har zuwa wace rana za a sake dubawa. Majinyaci ya bayyana wa likita aikinsa dalla-dalla, don likita bai san cewa masinja ne ke ɗauko fayil-fayil daga bene ko cewa akawun ne ke tayar da janareta ba.

Doka ba ta ba da wata inuwa mai faɗi ba. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci albashin kwanakin aiki 12 ne kawai a shekara idan rashin lafiya ta kwantar da shi da shaidar likita. Kwana 12, da ƙyar an cire zare. Ma'aikacin gwamnati ya fi samun sarari, kuma idan jinya ta yi tsawo akan tura shi gaban kwamitin likitoci su duba ko zai ci gaba, ko a canza masa aiki, ko a yi masa ritaya. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Gwamnatin Tarayya, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Wanda ya faɗo daga gini yana aiki, aka kai rahoto a kan lokaci, yana da hujja. Mai ciwon da ya taru a hankali zai sha wuyar tabbatar da cewa aiki ne sila. Akwai kuma dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Amma mafi yawan masu aiki da baya a jihar nan ba su da takardar ɗauka aiki ma, balle su san ƙofar NSITF. Abin da ke aiki a zahiri shi ne magana da maigida tun kafin tiyata, a gaban shaida, a yanke wata nawa, nawa za a riƙa bayarwa, wa zai riƙe gurbin.

Wasu abubuwa kuma suna hana ƙashi kamawa ko da mutum bai ɗaga komai ba. Taba ita ce kan gaba. Sinadarin nikotin yana takure ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da sabon ƙashi, kuma rashin haɗewa ya fi yawa a cikin mashaya, har wasu likitoci ba sa yarda su yi aikin sai an daina. Shisha da tabar hanci ba su tsira ba. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana jinkirta warkewa, yana jawo ruɓar ciwo. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saya a kemis kamar alewa, likitocin ƙashi da yawa sukan hana su a watannin farko don suna iya rage saurin haɗewar. Tramadol kuwa, ban da kama mutum da yake yi, yana rufe bakin ciwon da ke gargaɗi, lebura ya yini yana aiki bai san ɓarnar da yake yi ba. Masu ɗori suna da nasu wurin a al'ada, amma bayan da ke ɗauke da kusoshi ba na ja ba ne, ba na murɗawa ba ne, ba kuma na a sa yaro ya hau ya tattaka ba ne. Haka masu cewa ai duk ciwon baya basir ne, a sha jiƙo.

Idan zazzaɓi ya taso, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ko ƙafa ta fara mutuwa tana jan ƙasa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya dushe ba ya jin taɓawa, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne. A tafi asibiti a ranar.

Idan za a yi wa mutum irin wannan tiyata, dangi sukan yi ƙoƙari ƙwarai. A yi taro, a buɗe gidauniya, a yi sanarwa a masallaci, a tura lambar asusu a WhatsApp, har a haɗa kuɗin ƙarfe da na gado da na mota. Lissafin yakan tsaya ne a ranar sallama. Ya kamata a ƙara layi biyu a takardar: abincin gidan na wata shida, da ɗan jarin da mutum zai kama wata sana'a idan likita ya ce ta da ba za ta yiwu ba. A ware su daban a hannun wani amintacce tun kafin a biya asibiti, domin da zarar an ga majinyaci ya dawo yana tafiya da ƙafarsa, ba mai sake sa hannu a aljihu.